Yadda Za Ki Raka Macen da Duka, Ƙwaya da Ciwon Damuwa Suka Haɗe Mata a Damagaram

A unguwannin Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, macen da ke cikin wahala ba ofis take fara nufa ba. Wurin yayarta take fara zuwa, ko maƙwabciyar da suke haɗa katanga, ko ƙawar da suke zubin adashe tare, kuma abin da wannan mace ta farko ta faɗa mata shi ne yakan sa ta kai ga masu taimako, ko kuwa ta koma ɗakinta ta ja bakinta ta yi shiru. Domin ke da aka fara kawo wa kuka na rubuta wannan bayani, ko da ba ki taɓa aikin asibiti ko na shari'a ba. Abin da ake bukata a wurinki shi ne ki san ƙofar da ake fara bugawa da wadda ke biye mata, sannan ki taka da ƙafarki ki raka ta.

Duka da shan ƙwaya da ciwon damuwa sau da yawa a jikin mace ɗaya suke taruwa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Matar da ake duka barci yakan ƙaurace wa idonta, sai wata ta ba ta diyazefam domin ta runtsa. Gari ya waye jiki a mace, ga daka, ga yara, ga neman ruwa a garin da kowa ya san wahalar ruwansa, sai ta sayi tiramol a wurin mai tallar magani domin ta iya tashi. Ranar da mijin ya gane, ya sami sabon dalilin duka, dangi kuma sun sami bakin cewa ita ta ja wa kanta. Wuraren taimako kuwa a warwatse suke, asibiti daban, komisariya daban, kotu daban, ofishin kula da mata da yara daban, kuma babu mai haɗa mata su in ba mai rakiya ba. Saboda haka kada ki gindaya mata sharaɗin sai ta bar ƙwaya kafin ki taimake ta. Wadda ke kwana da tsoro ba ta iya rabuwa da abin da ke sa ta barci, sai an fara raba ta da tsoron.

Zaman farko

Ki nemi wurin da babu miji, babu kishiya, babu uwar miji, babu yaron da ya yi wayon kai magana. Zaman kitso yana yi, haka ma hanyar zuwa awo ko zuwa Kasuwar Dole. Ki yi tambaya a fili cikin taushin murya: "Ƙanwata, na ga kin rame, idonki ya nuna ba kya barci. Akwai mai taɓa lafiyarki a gida?" In ta fara magana, ki bar ta ta kai ƙarshe, kada ki katse ta da labarin wata. Tambayar da za ki kiyaye ita ce "Me kika yi masa?", domin tana ɗora laifin a kan wadda aka daka. Abin da take bukatar ji daga bakinki shi ne kin yarda da maganarta, ba ta cancanci abin da ake yi mata ba, kuma sirrinta ba zai fita daga wurinki ba sai in rai ne ke cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma faɗa mata wannan yakan rage mata jin cewa ita kaɗai ce abin ya sama.

Kusan kowace mace da ta kai kuka an riga an ce mata ta yi haƙuri, wai zaman aure ɗan haƙuri ne. Haƙuri da talauci, da halin dangin miji, da zaman kishi, abu ne da iyayenmu suka yi, muna kuma girmama su a kansa. Amma wanda ya ce wa mai karyayyen haƙarƙari ta koma ta ƙara haƙuri, ya mayar da ita hannun wanda ya karya ta ne, kuma addini bai umarce shi da haka ba, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne mafi alheri ga iyalinsa.

Kafin ku rabu, ki auna girman haɗarin da tambayoyi kai tsaye. Ya taɓa shaƙe mata wuya? Ya taɓa zare mata wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ta? Yana dukanta tana da ciki? Dukan yana ƙara yawa da tsanani a 'yan watannin nan? Shaƙe wuya musamman alama ce mai nauyi, domin namijin da ya kai hannu ga maƙogwaron matarsa ya matso kusa da kisa. In ta amsa da e ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki faɗa mata gaskiya cewa kina tsoron ranta, ku nemi inda za ta kwana a daren nan. In ta zaɓi komawa, shawararta ce, kada ki yi fushi ki janye, domin mata da yawa sai sun fita sun koma sau da dama kafin su tsaya. Sai dai ku yi shiri. Ta kawo miki ajiyar ƙaramin ƙunshi mai ɗauke da katinta na ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, karnen asibiti, wato littafin da ake rubuta mata magani, takardar aure in akwai, da kuɗin kabu-kabu. Ku tsayar da wata alama da ba mai ganewa sai ku biyu, misali in ta aiko yaro aron rariya bayan sallar isha'i, kin san ana bukatar ki zo da namijin da mijin ke jin nauyinsa. Ta haddace lamba 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana, waɗanda su ne ke ɗaukar mai rauni zuwa asibiti. Ta riƙa goge saƙonninku na WhatsApp in yana duba salularta. Kuma kada ta sanar da shi ranar da za ta tafi, domin lokacin rabuwa shi ne lokacin da haɗari ya fi tsananta.

Asibiti kafin zaman dangi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara tara dangi, a shafe kwanaki ana kai gwauro ana kai mari, har raunin ya warke, lokacin magani ya wuce. In an yi mata rauni, ki kai ta asibitin unguwa da ake kira CSI, ko asibitin uwa da yara, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram in raunin ya yi tsanani. In fyaɗe ne, awoyi ake ƙirgawa. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida dole a fara shi cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma ana shansa kwana 28 ba tare da tsallake ba. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5. Akwai kuma maganin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, da allurar rigakafin ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora in an ga bukata. In da hali kada ta yi wanka kafin a duba ta, tufafin da ke jikinta kuma a naɗe su a takarda ko a tsumma mai tsabta, kada a sa su a leda domin gumi yana lalata shaida. In ta riga ta yi wanka, ko kwanakin sun wuce, duk da haka ku je, akwai sauran abin da za a yi mata.

Ki nemi ganin ungozoma ko majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, a keɓe, kada a sa ta ba da labarinta a kan benci mutane suna ji. Sannan ki tuna da takardar shaidar likita, wadda ke bayyana raunukan da aka gani da yawan kwanakin da ba za ta iya aiki ba. Ko da ba ta da niyyar kai ƙara yau, takardar tana da amfani, domin bayan wata biyu kumburi ya saɓe, maganarta da tasa ce kawai za ta rage. In kun fara biyawa ta komisariya ko wurin jandarmomi, sukan rubuta takardar da ke umartar likita ya duba ta, amma neman wannan takarda kada ya cinye awoyin magani. Ki ɗauki hoton raunin in ta yarda, ki ajiye a salularki, ba a tata ba.

Hukuma, kotu da sulhu

'Yan sandan Nijar suna da sashe mai kula da kare mata da ƙananan yara, shi za ki nema da kun isa komisariya. Ana kuma iya kai ƙara wurin jandarmomi, musamman ga waɗanda ke ƙauyukan Mirya, Matamai ko Magariya, ko a rubuta kai tsaye ga mai gabatar da ƙara a babbar kotun gari. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta tambayi ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar shekarar 2011 domin bai wa marasa ƙarfi taimakon shari'a, kuma ofisoshinta a manyan kotuna suke. Ofishin jiha mai kula da ci gaban mata da kare yara yana da ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka san ƙungiyoyin da ke aiki a gari a wannan lokaci, saboda haka su za ki tambaya game da wurin fakewa ko tallafi. Akwai ƙungiyoyin ƙasa da suka daɗe a wannan aiki, irin su ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar da ƙungiyar SOS mai taimakon mata da yaran da ake cin zarafinsu a cikin gida. Kai ƙara dai haƙƙinta ne, ba a tilasta wa babbar mace, aikinki ki bayyana mata hanyoyin ta zaɓa. In yarinya ce ƙarama, to duk babban da ya sani ya sanar da hukuma.

Sulhu yana da gurbinsa, kuma mutanen Damagaram sun san darajar mai unguwa, da liman, da fadar Sultan wajen sasanta ma'aurata. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa a al'amuran iyali da na al'ada, irin su ci da sha, da yaji, da riƙon yara. Fyaɗe da mummunan rauni kuwa laifuka ne da kotu kaɗai ke hukuntawa. Dokar laifuka ta Nijar, bayan gyaran 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe, ta kuma ƙara tsananta hukuncin in yarinyar ba ta kai shekara 13 ba. Dangin da suka karɓi kuɗi suka rufe irin wannan magana wai domin a rufa asiri, asirin mai laifi suka rufa, suka bar shi ya nemi wata.

In ta yi yaji aka zo biko, ki roƙi iyayenta kada su miƙa ta a zaman farko. A kira shaidu daga ɓangarorin biyu, a faɗi abin da ya faru da sunansa, a rubuta alkawarin da mijin ya ɗauka, a kuma tambaye ta ita kanta, ba a gabansa ba, ko ta yarda ta koma. In ta ce ta gaji, addini da kotu duka sun buɗe mata hanyar rabuwa saboda cutarwa. In saki ya auku, a je gaban alƙali a sami takardarsa, domin da ita za a nemi abincin yara daga baya.

Maganar ƙwaya

Mata sun fi maza ɓoye shaye-shaye, domin saurayin da ke shan tiramol a fada, wato majalisar samari, ana cewa ƙuruciya ce, mace kuwa sunan da za a sa mata har 'ya'yanta sai ya bi. Saboda haka ki tambaya ba tare da ƙyama ba: me take sha, guda nawa a rana, tun yaushe, kuma me ke faruwa ranar da ba ta samu ba. Ki nemi ta nuna miki fakitin. Tiramol na asibiti yawanci miligiram 50 ko 100 ne, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, amma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan zo da 200, 225 ko 250 a ƙwaya guda. Mai shan uku ko huɗu a rana ta riga ta shiga inda jijjiga irin ta farfaɗiya ke iya kama ta, in kuma ta haɗa da diyazefam ko siro mai kodin, numfashi yana iya tsayawa cikin barci.

Kada ki ƙwace ƙwayoyin ki zubar ki ce daga yau an gama. Jikin da ya saba yakan amsa da ciwon gaɓoɓi, gumi, gudawa, rashin barci da firgici, kuma yanke diyazefam farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai haɗari ga rai. Likita ne ke tsara yadda za a rage a hankali cikin makonni, kuma sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibiti shi ne inda ake wannan aiki. Mutane suna gudun sashen saboda sunan da aka sa masa, don haka ki bayyana mata cewa yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Shan ƙwaya laifi ne a dokar ƙasa, wannan kuma yana sa mata tsoron buɗe baki, amma ma'aikacin lafiya doka ta ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya. In tana da ciki, ungozoma ta sani tun a awon farko, domin yankewa kwatsam yana iya cutar da cikin, kuma jaririn zai bukaci kulawa bayan haihuwa. In ta koma sha bayan ta bari, ku sake komawa wurin likita, haka ciwon yake, sai dai ki gargaɗe ta cewa adadin da take sha a da yanzu ya fi ƙarfin jikinta.

Ranar da kika same ta ba ta farkawa, numfashi yana fita da ƙyar, leɓe ya canza launi, ki kwantar da ita a gefen jikinta, kada ki ɗura mata madara ko manja ko ruwa, ki kira 18 ko ki nemi mota nan take, ki tafi da fakitin abin da ta sha.

Ciwon da ba a gani a fata

Macen da ta shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ta jin daɗin abin da ta saba so, abinci da barci sun lalace, tana ganin kanta ba ta da amfani, tana da ciwon damuwa, kuma yana da magani. Wata da ciwon kai da bugun zuciya da zafin jiki za ta riƙa zuwa asibiti, a yi ta ba ta maganin zazzaɓin sauro, domin ba wanda ya tambaye ta halin da take ciki a gida. Ki shiga da ita, ki taimaka mata ta faɗi duka labarin. Mai jego tana bukatar ido na musamman. In cikin makonni biyu na farko ta daina barci sam, tana maganganun da ba su haɗu ba, tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Wannan yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa 1000, kuma yana warkewa in an yi magani.

Dangi za su ce iska ce, ko sammu. Ba sai kin yi musu da su ba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kuma malamai na gari da kansu sukan tuna wa mutane cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da za ki tsaya a kai da ƙarfi shi ne kada a ɗaure ta, kada a sa ta a mari, kada a doke ta da sunan fitar da aljani, kuma kada a dakatar da maganin asibiti.

Ki tambaye ta a fili ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti ba tare da jiran gobe ba. In an rubuta mata maganin damuwa, ta sani cewa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji daɗi. Lallai likita ya san tana shan tiramol, domin haɗuwarsa da wasu magungunan damuwa tana ƙara haɗarin jijjiga.

Bayan kwanakin farko

Abin da ke mayar da mata da yawa gidan duka shi ne rashin abin hannu. Ki shigar da ita ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ko'ina cikin ƙasa, domin ko ƙaramin jarin ƙuli-ƙuli ko ƙosai yana ba mace bakin magana, zaman mako-mako kuma yana fitar da ita daga kaɗaici. Ki nemi namiji ɗaya mai mutunci a danginta, kawu ko yaya, wanda zai tsaya mata a zaman maza. A jiharmu aka fara makarantun mazaje a 2008, saboda haka a garuruwa da dama akwai magidantan da suka saba yi wa 'yan'uwansu maza magana a kan lafiyar iyali, kuma majo na CSI yakan san su.

Ke ma kina da iyaka. Kada ki tunkari mijin ke kaɗai, kada ki ɓoye ta a gidanki in ya san nan za ta zo, kuma ki sami mutum ɗaya amintacce, da yardarta, wanda za ku riƙa karɓa-karɓar rakiya. Ki rubuta ranakun komawa asibiti da na kotu a wurinki, domin mai ciwon damuwa mantuwa takan yi mata yawa, ranar kuma ki biya mata da kanki tun da safe, ku tafi tare kafin layi ya yi tsawo.